Kiryar da Baba Ya Binne

Har yau ba na son ƙanshin kanumfari. Matata ta sani, ba ta sa mini shi a kunu ko a shayi, kuma ta gaji da tambayar dalili. Dalilin kuwa wasu guntayen itace ne da mahaifina ya binne a ƙauyenmu, can tsakanin 'Yargoje da Ƙanƙara, a shekarun da kuɗin mai ya fara malalowa har karkara.

Abin ya samo asali daga rasuwar mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna. Ta rasu a ƙarshen farin nan da ya karkashe shanu, lokacin da kowa ya rame, masu haƙar kabari ma da kyar suke ɗaga diga. Kabarinmu kuwa hawa biyu ne. Akan haƙa babban rami, a tsakiyarsa a sake haƙa siriri inda za a kwantar da mamaci, sai a jera itace a gicciye a kan siririn, a toshe kafofin da ganye da taɓo, sannan a mai da ƙasa. Itacen nan shi ne rufin ɗakin mamaci. A ranar Inna abin da hannu ya kai gare shi aka saro, rassan cediya da dashi, waɗanda ko a murhu ba a yabonsu.

Da ruwa ya dawo da ƙarfinsa a shekarar da ta biyo, Baba ya ratsa ta maƙabarta zai tafi gona, ya tarar kabarin ya burma. Shi kaɗai ya gani, shi kaɗai ya mai da ƙasar da hannuwansa, bai kira kowa ba. Ranar bai je gonar ba. Mutum ɗaya ya gaya wa abin da idonsa ya gani, ƙanwarsa Gwaggo, wadda take zaune a gidanmu tun mutuwar mijinta, ita ce kuma ta gaya mini daga baya.

"Ta wajen kai ya buɗe," ya ce mata. "Na ga hwarin ƙyalle."

Ana gama girbi ya kora jaki ya nufi daji ta wajen Faskari neman kirya. Wanda bai san kirya ba, ita ce itacen da maƙera suke ƙonawa su yi gawayi, ita ake sassaƙa taɓarya da ƙota da ita, gatari yana sauka a kanta ya yi tsalle. Baba manomi ne, ba masassaƙi ba, don haka ya sha wuya. Ya dawo tafin hannunsa duk kanta ta fashe, bakin gatarinsa ya ɓalgace, jakin yana tafe da kyar da guntaye masu kauri, kowane an yanke shi daidai faɗin kabari. Ya jingine su a bayan rumbu, ya yi musu ɗan rufi da zana. Kowa a gidan ya san na mene ne, har yara ba sa ɓuya a wurin in suna wasa.

Liman, wanda abokinsa ne tun suna makarantar allo, ya yi masa magana a zaure.

"Malam, jiki ai na ƙasa ne. Mi za ka yi da wanga wahala?"

"Na sani, Liman. Ban ce kar ƙasa ta ci ni ba. Ta ci ni a ruhe."

Ba a sake ta da maganar ba. Sutura yake nema, kuma ba wanda zai ce wa dattijo neman sutura laifi ne.

Sai kuɗin mai ya zo, ya zo da motoci. Gidajen burodi suka yawaita a Funtuwa da Zariya, kowane da bakinsa a buɗe yana neman itace. Manyan motoci suka riƙa shiga daji ta hanyoyin da a da jaki kaɗai yake bi. Itacen da ake tsinta kyauta ya zama kayan sayarwa, aka jera shi tsibi-tsibi a bakin hanya, gawayin kirya kuwa buhu-buhu. Duk abin da aka bari a waje yana iya yin ƙafa.

Amma ba ɓarawo ne ya fara taɓa na Baba ba. Ranar sunan ɗan Yaya, wato wana, matan da suka zo daga Tafoki taya girki suka leƙa bayan rumbu, suka ga busasshen itace a jingine, suka ja guda suka cusa a ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Wuni guda yana ci, suna ta yabon icen gidan nan mai albarka. Baba ya shigo da la'asar ya gane shi a murhu. Bai yi faɗa ba, baƙi ne, kuma ba su sani ba. Kashegari ya kwance awaki da shanun noma biyu daga turakunsu, ya haƙa rami mai zurfi a tsakiyar garken, ya jera sauran guntayen, ya rufe, ya mai da dabbobin.

"Nan ɓarawo bai tonawa, mace ba ta nema," in ji shi.

Ni duk wannan ba na nan. Na gama makaranta na sami aiki a Zariya, a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar koyon aikin gona. A gida ana ce mini ma'aikaci, amma gaskiyar magana yawancin aikina wankin kwalabe ne da auna ruwa. Malamin da nake yi wa aiki, wani mutumin kudu mai haƙuri, yana binciken yadda karan dawa da itace suke ruɓewa su zama taki. Ba ya ƙyashin bayani, ni kuma ina da kunne.

A wurinsa na ji cewa abin da ya sa itace ya zama itace, ba auduga ba, wani ƙaro ne da ya liƙe zarurrukansa, sunansa liginin. Shi ne taurin, shi ne abin da gatari yake faɗa da shi. Funfuna takan fara buɗe hanya, sai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, bakteriya, su biyo baya. Ba su da haƙori. Wani sinadari suke da shi, enzayim, wanda yake musu aikin wuƙa: ya ɓantare ƙaron nan ƙanana-ƙanana, a kowane ɓantare kuma ya tsinke wani ɗan kai guda, kan nan ya fice ya zama iska, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, irin wadda take tasowa a kwalbar lemo. Abin da ya rage bayan an tsinke kan nan yana da ƙanshi. Malamin yakan buɗe kwalba ya miƙo mini hanci.

"Me ka ji?"

"Kanumfari, Malam. Da ɗan ƙaurin hayaƙi."

"To ba kanumfari a ciki, ba wuta. In ka ji wannan, sun riga sun yi nisa da aiki."

Abu uku ƙwayoyin nan suke so, danshi da ɗumi da abinci. Kuma da ya so waɗanda suka fi kowa ci, ya san inda zai aike ni. Ni da kaina nake ɗaukar bokiti in je garken shanun makarantar, in ɗebo masa baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin turke, wadda fitsari da kashi suka jiƙa.

Da Sallah na zo gida a kan sabon babur ɗina, ina ji da kaina. Na zagaya bayan rumbu zan jingine shi, na ga wurin wayam. Na tambayi Gwaggo ina icen Baba. Tana daka a lokacin, ba ta ko tsaya ba, ta nuna mini garke da baki. Na dubi wurin, wata akuya tana tsugune tana fitsari daidai tsakiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na bari sai da aka ci abinci, na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na yi masa bayani da duk ladabin da na iya. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Gara kake nuhi?"

"Ba gara ba, Baba. Wasu ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu."

"Ido bai ganinsu, amma suna cin kirya. Gatarina da ido ke gani sai da ya bar haƙori a jikinta. Su da mi suke ci?"

Na rasa kalmar da zan ba shi. Na ce, "Da wani abu kamar miyau."

"Miyau," ya ce. Ya yi dariya har da tari. "Ɗan nan, kirya ce hwa."

Wannan ita ce amsarsa, ranar da duk ranakun da suka biyo. Kirya ce. Ban zarge shi da wauta ba, don duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin kirya ta ruɓe ba. Ya ga taɓaryar da ta kai jikoki, ya ga turken da ya tsufa a tsaye. Amma bai taɓa ganin wadda aka kwantar shekara da shekaru a cikin fitsarin shanu ba, don kafin shi ba wanda ya taɓa samun dalilin yin haka. Ni kuma abin da na sani a cikin kwalba na san shi, kwalbar tana Zariya.

Na gwada ta kowace hanya. Siminti ya cika gari a lokacin, na ce zan sa a zuba masa fale-falen siminti a ajiye, su ba abin da ke cinsu. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Irin wanda ake ruhe masai da shi? Shi za ka ɗora mani?"

Na ce to bari in gina wa dabbobin sabon garke da rufin kwano a ɗaya gefen gidan, ko ƙasar ta bushe. Ya ce dabbobin su ne masu gadi. Na je wurin Yaya na ce mu tone su in Baba ya tafi kasuwa, mu rataye su a rufin ɗaki. Yaya ya ce shi ba zai tone abin da ubansa ya binne da hannunsa ba, in ni boko ya cire mini kunya, shi da sauransa. Na je wurin Liman. Ya ce shi tun farko bai ga amfanin icen ba, balle ya shiga rigimar inda za a ajiye shi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka nemo wata kiryar ka ɓoye? Na yi wannan tunanin, har na gwada. Ranar kasuwar Ƙanƙara na je rumfar masassaƙa na tambayi wani dattijo ko ana samun kirya mai kauri, a yanka mini gajeru-gajeru. Ya ce babbar kirya yanzu sai can bayan Sabuwa, in ma masu gawayi sun rage. Sannan ya tambayi tsawon da nake so. Na gwada masa da hannu. Ya dube ni, ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Ashe ya san Baba. Kafin babur ɗina ya kai gida maganar ta riga ni.

Yaya ya tare ni a ƙofar gida.

"Uban namu da ranshi, shina cin tuwo, kai kana yi mashi cinikin iccen kabari a kasuwa? Gaggawar mi kake yi?"

Gaskiya ya faɗa. Mutum yana iya sayen likkafaninsa ya ajiye a ƙasan akwati, a ce ya san Allah. Ɗa kuwa ba ya tanadar wa uba mai rai, in ya yi, fatan mutuwa ne. Baba bai ce mini komai ba a kai, sai dai kwana biyu da na yi a gida yana amsa gaisuwata a taƙaice. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Daga nan na yi shiru, na koma kallo. Kuɗin man nan kuwa bai gama da mu ba. A da, kowace bazara akan kwashe takin garke a mangala, jaki ya kai gona, ƙasar wurin ta sha rana ta bushe. Da takin zamani ya zo, fari tas a buhu, ga araha, Yaya ya daina wahalar kwasa. Taki ya taru a garken shekara kan shekara, ya yi tudu, ko da rani in ka soka sanda sai ta fito da danshi da ɗumi. Da malamina zai gani, da ya ce ba a taɓa shirya wa ƙwayoyinsa gida kamar wannan ba.

In na zo da damina nakan tsuguna a bakin garken kamar mai duba lafiyar awaki. Ruwa yakan kwanta a wurin, baƙi, ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Na san yawancinsu daga kashin dabbobin ne. Duk da haka kowace ta fashe sai in ji kamar daga icen Baba aka tsinke ta. Ga ni nan, na san sunan abin, na san yadda yake aiki, na san abin da zai tsayar da shi, fartanya tana jingine a jikin danga, kuma ban isa in ɗauka ba. Gwaggo kaɗai ta lura. Wata rana ta zo wucewa da ƙwarya ta ce, "Tashi daga nan, ɗana, kallo bai hana su in da gaske suna ci."

Baba ya rasu a tsakiyar marka, bayan 'yar jinya ta zazzaɓi. Allah ya sa ina gida. Da hantsi ya cika, aka ce za a kai shi bayan azahar kafin hadari ya sake haɗowa. Ana yi masa wanka, ni da Yaya da maƙwabta biyu muka kwance dabbobin muka shiga tono.

Mun sha haƙa kafin fartanya ta bugi abu. Yaya ya share da hannu, sai ga su a jere yadda Baba ya kwantar da su, baƙaƙe, masu kauri, ba inda ya ɓalle. Ya ɗago kai ya dube ni. Na karanta abin da ke idonsa, kuma wallahi ban taɓa son a ƙaryata ni ba kamar ranar. Na ce a raina, Allah ka sa in zama abin dariya har in mutu.

Sai ƙanshin ya taso. Ta cikin warin taki da zarnin fitsari, siriri, kanumfari da ƙaurin hayaƙi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "Ikon Allah, ku ji ƙanshi. Malam mutumin kirki ne." Na juya musu baya.

Yaya ya sa hannu biyu ya kama na farko zai ɗaga, yatsunsa suka nutse. Ya ja, icen ya rabu biyu, ya zube kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli. Ya kama na biyu, haka. A cikin waɗansu akwai 'yar zuciya da ta rage, siririya kamar sandar makiyayi, ita ma in ka taka sai ta karye. Ya bi su duka har na ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba, yana ɗagawa suna zubewa. Sannan ya zauna a cikin ramin, cikin taɓo, ya ce, "Yanzu mi za mu yi?" Ni ya tambaya. Shekarun nan duka ba wanda ya tambaye ni sai yanzu.

Gawa ba ta jira. Aka hau cediyar ƙofar gida aka saro rassa ɗanyu. Wani ya ce akwai katakon akwatin da injin niƙan garin ya zo a ciki, aka ɓallo, fari, marar nauyi, farce ma yana shiga jikinsa. Na tsaya ina kallon tarin, irin na Inna sak, ko ma ya fi shi rauni.

Ana shirin ɗaukar makara sai aka ce Gwaggo tana kirana. Na same ta a bakin ɗakinta riƙe da taɓarenta biyu. Na kirya ne, ubansu ita da Baba ne ya sassaƙa su, tsakiyarsu ta yi santsi da sheƙi saboda hannu. Da su ake daka a gidan tun kafin a haife ni.

"A raba kowace biyu," ta ce. "A sa mashi ta wajen kai."

Da kyar zarto ya ci su. Guntaye huɗu suka fito, suka rufe daga kai zuwa ƙirji. Sauran aka cika da cediya da katakon akwati. Ni na karɓi taɓaren na jera da hannuna, na matsa su sosai, na liƙe da taɓo. Hannuna bai daina ƙanshin kanumfari ba har dare, ko da na wanke da sabulu.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ni na zama idon Gwaggo. Duk zuwan da na yi gida, bayan gaisuwa, sai ta ce, "Ka leƙa shi?" In ce na leƙa, lafiya lau. Ta koma kai hatsi inji, tana mitar garin yana warin mai, amma ba ta nemi a sayo mata wata taɓarya ba.

Damina ta zagayo. Wata Juma'a da safe, bayan ruwa mai yawa, na je na tarar da abin da na san zan tarar. Daga ƙirji zuwa ƙafa ƙasa ta zauna, ta yi kwari, ruwa ya kwanta a ciki. Ta wajen kai tudun yana nan. Na koma na kira Yaya, muka zo da kwando da fartanya, muka cike.

Gwaggo ta ga taɓo a ƙafafunmu tun daga zaure. Ta bari Yaya ya wuce, ta riƙe hannun rigata.

"Ya burma?"

"Ya burma, Gwaggo."

"Huskar hwa?"

"A rufe take."

Ta saki rigata, ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Ai kirya ce."

Na san ƙasar maƙabartar, na san danshinta, na san su waye a ciki da abin da suka riga suka fara. Na dubi hannuwanta, kantar daka ta fara bajewa.

Na ce, "Kirya ce, Gwaggo."